Dattijo Da Ƙwayar Kashe Zafi Bayan Fiɗar Huhu

Idan aka yi wa dattijo fiɗa a ƙirji, aka cire masa ɓangaren huhun da sankara ta kama, 'yan'uwa kan ɗauki ranar sallama daga asibiti a matsayin ƙarshen wahala. Likitocin fiɗa kuwa sun daɗe da lura da cewa akwai wata matsala da daga ranar nan take somawa. Maganin kashe zafin da aka rubuta wa majinyaci don ya sha mako ɗaya ko biyu, sai a tarar bayan wata shida yana nan yana shan sa, alhali miki ya warke, ciwon da aka cire bai dawo ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda hakan ke faruwa a cikin jiki, da dalilin da ya sa abin ya fi yi wa tsofaffi illa, sa'an nan ta dubi yadda yake kasancewa ga mutanen da suke zaune nesa da manyan asibitoci, kamar na ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano.

Me ya sa fiɗar ƙirji ta fi zafi?

Huhun ɗan Adam biyu ne. Na dama yana da ɓangarori uku, na hagu yana da biyu. In an gano sankara da wuri, tun ba ta bazu ba, likita kan cire ɓangaren da ta kama ɗungurungum, wani lokaci ma huhun ɓari guda. Kafin ya isa wurin kuwa sai ya tsaga gefen ƙirji, galibi tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida, ya sa wani ƙarfe ya buɗa ƙasusuwan don hannu ya sami shiga. To, a ƙarƙashin kowane ƙashin haƙarƙari akwai jijiyar ji da ta taso daga laka ta zagayo zuwa gaban ƙirji. Wannan jijiya ce ƙarfen kan danne, ko zaren ɗinki ya shaƙe.

Wanda aka yi wa aiki a ƙafa yana iya ajiye ƙafar ta huta. Ƙirji kuwa ba ya hutawa, domin mutum yana numfashi kimanin sau 20,000 a kwana guda, kuma kowane numfashi sai ya motsa mikin. Bugu da ƙari, dole ne majinyaci ya riƙa yin tari yana fitar da kaki, in ba haka ba majina ta taru a sauran huhun, ciwon namoniya ya shiga, wanda shi ne ya fi kashe tsofaffi bayan irin wannan aiki. Mutum kuwa ba zai yi tari ba matuƙar tarin yana yi masa kamar sukar wuƙa. Saboda haka ba shi magani mai ƙarfi a kwanakin farko wajibi ne, kuma babu likitan kirki da zai hana shi.

Sai dai zafin iri biyu ne. Akwai na miki, wanda yake raguwa kullum har ya ɓace cikin 'yan makonni. Akwai kuma na jijiyar da ta sami rauni, wanda majinyata kan kwatanta da ƙuna, ko tafiyar kiyashi, ko tartsatsin lantarki, har wani ba ya son riga ta taɓa wurin. A 2014 wasu masana a Jami'ar Ayowa ta Amurka sun tattara binciken da aka yi a kan haka, suka tarar kusan rabin waɗanda aka buɗa wa haƙarƙari suna jin wani abu na zafi bayan wata shida. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa: zafin jijiya ba ya jin magungunan da za mu yi magana a kansu sosai, amma shi ne yake sa mutane su ci gaba da shan su.

Dangin ofiyom da aikinsu

Ofiyom ƙaro ne da ake samu daga ƙwallon wata fulawa da ake kira fofi. Wajen shekarar 1804 wani matashi Bajamushe mai haɗa magunguna, Friedrich Sertürner, ya ware sinadarin da ke ɗauke da ƙarfinsa, wanda muke kira mofin. A 1832 aka ware kodin a Faransa. Tiramadol, wanda jama'a suka fi sani da tiramol, a ɗakin gwaji aka ƙirƙiro shi a Jamus a 1962, ya shiga kasuwa a 1977. Haka nan allurar pentazosin da ake yawan yi wa majinyata bayan fiɗa a asibitocin ƙasar nan. Dukkansu gida ɗaya ne.

An shafe fiye da shekara 150 ana amfani da mofin ba tare da an san inda yake kamawa a jiki ba. Sai a 1973 aka gano cewa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da laka akwai wasu 'yan gurabe da suka dace da shi, kamar yadda kwaɗo yake dacewa da mukullinsa. A 1975 kuma John Hughes da Hans Kosterlitz a garin Abadin na Sikotilan suka nuna cewa jiki da kansa yana yin nasa sinadaran da suke shiga waɗannan gurabe. Watau Allah ya halicci mutum da nasa maganin kashe zafin, mofin kuwa baƙo ne da ya zo da mukulli irin na mai gida. Idan ya shiga, saƙon zafi da ke tasowa daga miki zuwa ƙwaƙwalwa sai ya raunana. Amma guraben ba a hanyar zafi kaɗai suke ba. Suna nan a hanji, shi ya sa bayan gida yake taurara. Suna nan a cibiyar da ke sarrafa numfashi, shi ya sa yawan maganin yake tsayar da shi. Suna nan kuma a sashen da ke sa mutum jin daɗi da natsuwa, kuma daga nan ne ɗaurin yake farawa.

Jiki ba ya son a yi masa katsalandan. Idan maganin ya daɗe yana shiga, sai ƙwayoyin su rage jin sa, har ƙwaya ɗaya ta daina yin aikin da take yi a da. Wannan shi ne sabo. In an ci gaba, jiki kan daidaita dukkan al'amuransa bisa zaton cewa maganin yana nan, yadda in an yanke shi farat ɗaya sai komai ya rikice: hamma, da zubar hawaye da majina, da gumi, da ciwon gaɓoɓi, da gudawa, da rashin barci. Wannan shi ne dogaro, kuma yana iya kama kowa, malami ko jahili, bayan makonni kaɗan na sha kullum. Mataki na uku shi ne jaraba, inda mutum yake neman maganin ido rufe ko da ya ga yana cutar da shi. Yawancin dattawan da muke magana a kansu a mataki na biyu suke, kuma zalunci ne a kira su 'yan ƙwaya. Akwai ma wani abin mamaki da aka tabbatar: daɗewa a kan waɗannan magunguna kan sa jijiyoyin wasu su ƙara kaifin jin zafi, sai majinyaci ya ƙara ƙwaya don ya kashe zafin da ƙwayar ce ta haddasa shi.

Abin da ƙididdiga ta nuna

A Amurka aka fi bin diddigin wannan al'amari, domin annobar da ta auka musu tun bayan fitowar OxyContin a 1996, wadda a 2021 kaɗai ta ci rayuka fiye da 80,000. A 2018 masana a birnin Niyok sun duba bayanan tsofaffi kimanin 3,900 da aka cire wa sankarar huhu tun tana matakin farko, suka tarar wajen 15 cikin 100 suna ci gaba da karɓar maganin watanni bayan aikin. Wani binciken daga Jami'ar Mishigan, a kan mutane fiye da 3,000 waɗanda ba sa shan irin wannan magani kafin fiɗa, ya sami 14 cikin 100. Da aka rarrabe su, waɗanda aka buɗa wa haƙarƙari sun kai 17 cikin 100, waɗanda kuwa aka yi wa aikin ta 'yan ƙananan ƙofofi da na'urar madubi, 9 ne cikin 100. A sauran ayyukan fiɗa, manya da ƙanana, adadin bai wuce 6 cikin 100 ba sosai.

A ganina, alƙaluman da suka fi amfani ga iyali su ne waɗanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2017. Daga cikin waɗanda suka fara shan maganin, 6 cikin 100 ne suke kansa bayan shekara guda. Waɗanda shansu na farko ya kai kwana 8 ko fiye, adadin ya haura 13. Waɗanda suka wuce wata guda kuwa, kusan 30 ne cikin 100. Ashe yawan kwanakin farko shi ne yake yanke hukunci. Binciken ya kuma nuna cewa tiramadol, wanda ake ɗauka mai sauƙi ne, yana cikin waɗanda suka fi riƙe mutum.

Jikin tsoho

Hanta ce take narkar da magani, ƙoda kuma ta fitar da shi ta fitsari. Daga wajen shekara 40 aikin ƙoda yake fara raguwa sannu a hankali, yadda ɗan shekara 75 zai iya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ƙodarsa ba tare da ya ji komai ba. Don haka ƙwayar da saurayi zai sha ta fita cikin sa'o'i, a jikin tsoho sai ta daɗe, ta gaba ta zo ta iske ta. Sakamakon shi ne gyangyaɗi, da jiri, da ruɗewa, wanda iyali kan ɗauka rikicin tsufa ne ko ma aikin iska. Tsoho mai jiri ya fita alwalar asuba cikin duhu, ya zame a bakin rijiya ko makewayi, ƙashin ƙugu ya karye, kuma da yawa ba sa sake tashi daga wannan kwanciya. Ga wanda aka rage wa huhu, musamman in dama tsohon mashayin taba ne, ƙarfin numfashin da ya rage masa kaɗan ne. In aka haɗa masa da ƙwayar barci irin su baliyam, to an haɗa abu biyu masu danne numfashi a lokaci guda.

Tiramadol yana da nasa ƙarin sharrin. Yana iya tayar da farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, yana iya zubar da sukarin jini da gishirin jini. Shi da kodin kuma sai hanta ta juya su kafin su yi cikakken aiki, hantar mutane kuwa ba ɗaya ba ce a wannan fanni. Wani ya sha bai ji komai ba, wani ya sha daidai wannan ya kasa tashi. Shi ya sa maganar "ai wane ya sha ya ji daɗinsa" ba hujja ba ce.

Daga Kano zuwa Doguwa

Fiɗar ƙirji galibi a manyan asibitocin koyarwa ake yin ta, kamar na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wanda ya fito daga Doguwa, in an sallame shi daga Kano, sai ya bi hanyar Zariya har Kwanar Ɗangora, ya karkata zuwa Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore kafin ya isa gida. Tafiya ce ta sa'o'i a cikin motar haya, ga sabon ɗinki a ƙirji. An ba shi ranar komawa ganin likita, amma kuɗin jinya ya riga ya cinye hatsi da dabbobi, ga shi damina ta faɗi, 'ya'yan da za su raka shi suna gona. Magani ya ƙare, zafi bai ƙare ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ba yaro kwalin da ya ƙare a ce ya je kemis ya sayo irinsa.

A nan gizo ke saƙa. Tiramadol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, kuma sai da takardar likita. Iyakar abin da babba zai sha a kwana guda miligiram 400 ne, wanda ya haura shekara 75 kuwa kada ya wuce 300. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa zuwa kasuwannin ƙauye da tashoshin mota kuwa, mai 200 ne, da mai 225, har da mai 250. Dattijon da likita ya ce ya sha ƙwaya ɗaya safe da yamma, in aka kawo masa mai 225, ya sha miligiram 450 ke nan a rana, alhali a zatonsa umarnin likita yake bi. Doka ba ta ba masu ƙananan kemis izinin sayar da wannan magani ba, kuma a 2024 hukumomi sun tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari komawa sabuwar kasuwar Dangwauro don a sami sa ido, amma kowa ya san irin nisan da ke tsakanin doka da teburin mai talla ranar kasuwa.

Abin da ya ƙara sauƙaƙa samunsa shi ne yadda ya riga ya shiga harkar noma. 'Yan ƙwadago suna shan sa don su jure wa aiki, har shanun huɗa ana ba su. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun sami tiramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta mamakin yadda itace ya yi abin da aka ƙirƙira a ɗakin gwaji. Shekara guda bayan haka masana daga Jamus suka koma wurin, suka nuna cewa daga fitsari da kashin shanun da ake ɗura wa ƙwayar ne sinadarin ya shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa.

Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba, kuma a Jihar Kano 16 cikin 100 na manya suna amfani da wani kayan maye. A watan Mayu na shekarar ne aka haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Amma binciken 'yan shekara 15 zuwa 64 ya ƙirga, watau tsofaffi ba su shiga lissafi ba. Cibiyar gyaran hali da ke Ƙiru ma don matasa aka kafa ta, kuma babu wanda zai ɗauki kakansa ya kai shi can. Dattijo a ɗakinsa yake, ba ya tayar da hankalin kowa, 'ya'yansa kuwa suna saya masa ƙwayar ne da niyyar biyayya.

Yadda abin yake ɓoyuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Ranar da ƙwaya ta yanke, sai tsoho ya tashi da ciwon jiki, da rawar sanyi, da gumi, da kasala. Kowa a gidan zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, ko shawara, a sayo magani, a yi allura, ba sauƙi. Da an kawo tiramol ya sha, cikin sa'a guda sai ya warware. Daga nan shi da iyalinsa sun gamsu cewa wannan ƙwaya ita ce maganin ciwonsa, alhali rashinta ne ciwon. Wannan bai tsaya ga masu fiɗar huhu ba, waɗanda ba su da yawa a ƙasar nan. Haka yake faruwa ga wanda aka buɗe wa ƙirji don kwashe mugunya, da wanda aka yi wa aikin mafitsara ko gwaiwa, da tsohuwar da aka cire wa nono, da mai karaya.

Ɗaya fuskar

Kada mai karatu ya fahimci cewa mofin abin gudu ne a kowane hali. Yawancin masu sankarar huhu a ƙasar nan ba sa isa asibiti sai ciwon ya wuce fiɗa. Alamominta, watau tari mai daɗewa, da kakin jini, da rama, iri ɗaya ne da na tarin fuka, don haka da yawa kan shafe watanni suna shan maganin tibi kafin a gane. Ya kamata ma'aikatan lafiya su yi zargin sankara ga duk dattijon da maganin tibi bai yi masa aiki ba, musamman mashayin taba, ko wanda ya yi shekaru yana shaƙar ƙurar dutse a ramukan haƙar kuza irin na Riruwai. Irin waɗannan majinyata haƙƙinsu ne a ba su mofin na sha, a kan lokaci, duk bayan sa'a huɗu, ba tare da ƙirga kwanaki ba, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 1986. Tsoron sabo ba shi da muhalli ga wanda ciwonsa ba mai warkewa ba ne. Amma wani rahoto da mujallar Lancet ta fitar a 2017 ya nuna cewa mofin ɗin da Nijeriya take samarwa bai kai miligiram 1 ga kowane mai bukata ba a shekara, alhali a Amurka ya haura 55,000. Ƙwayar da ba ta dace ba tana kan kowane teburi, wadda ta dace kuwa sai an je birni, wani lokaci ma a tarar babu.

Abin da ya kamata a yi

Tun kafin a shiga ɗakin fiɗa ya kamata a gaya wa likita gaskiya in dattijo ya saba shan tiramol ko ƙwayar barci, domin ɓoyewa don kunya yana iya jawo masa wahala a kan gado. Masu sa barci a yau suna da dabarar zuba maganin kashe jijiya kusa da laka ko a gindin haƙarƙari, wanda yake rage bukatar mofin ƙwarai. Ranar sallama kuwa, ɗaya daga cikin 'ya'ya ya tsaya ya tambayi abu uku, a rubuta masa: sunan maganin, da ƙarfinsa a miligiram, da ranar da za a daina. Mutum ɗaya ne zai riƙe maganin a gida yana bayarwa. Farasitamol a kan lokaci yana rage bukatar mai ƙarfin fiye da yadda ake zato. Amma a yi hattara da su diklofenak da feldin, domin suna ƙwaƙule cikin tsoho, suna kuma lalata ƙoda.

In an kai wata guda ana jin ƙuna ko tsira a gefen tabo, to maganin jijiya ake bukata, irin su amitiriftilin kaɗan da dare, kuma likita ne zai auna shi. In zafin sabo ne ko yana ƙaruwa, dole a koma a sake hoto, don a tabbatar ciwon bai dawo ba. Wanda kuma ya riga ya daɗe a kan ƙwaya, kada a ƙwace masa farat ɗaya. Ana ragewa ne da kimanin kashi ɗaya cikin goma duk mako, ko duk wata ga wanda ya shekara yana sha, kuma likitan babban asibitin Tudun Wada ko na Doguwa yana iya kula da wannan in an ba shi takardar bayani daga Kano.

Idan aka ga tsoho ya yi barcin da ba ya jin kira, numfashinsa ya ragu ƙasa da sau 10 a minti, yana minshari mai nauyi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, to maganin ya yi masa yawa. Kada a ɗura masa madara ko manja, domin za su iya bi ta huhu. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalin abin da ya sha. Akwai allura mai suna naloksan da take fitar da maganin daga gurabensa cikin 'yan mintoci, sai dai ƙarfinta yana ƙarewa kafin na tiramadol, don haka ko ya farfaɗo sai an ci gaba da lura da shi a asibiti har kwana guda.